Diana Wall: Matar da ta shafe shekaru tana bin sawun tsutsa a Antaktika

A nahiyar Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, akwai wasu kwaruruka da ƙanƙara ba ta rufe ba, waɗanda ake kira Busassun Kwarurukan McMurdo. Babu bishiya, babu ciyawa, ruwan sama ba ya sauka, ɗan abin da ya zubo na dusar ƙanƙara ma iska ce ke busar da shi. Saboda tsananin sanyi da fari, masana sun daɗe suna kwatanta wurin da duniyar Mas, wasu ma sun ɗauka babu wani abu mai rai a mafi yawan ƙasar wurin.

Farfesa Diana Wall, 'yar Amurka, na cikin waɗanda suka rusa wannan zato.

An haife ta a 1943, ta tashi a jihar Kentucky, kuma a jami'ar jihar ta yi digirin digirgir kan cututtukan tsirrai a 1971. Tun daga nan ta maƙale wa wasu tsutsotsi da ake kira nematod, waɗanda yawancinsu ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Manoman tumatir sun san ɓarnar wasu daga cikinsu, domin su ne ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, shuka ta yi yaushi. Sai dai masu ɓarnar tsiraru ne. Da yawa daga cikinsu ƙwayoyin bakteriya suke ci, kuma ta haka suke sakin sinadaran da tsirrai ke buƙata.

Me ya kai ta Antaktika?

Tambayar da ke damun Wall ita ce: idan nau'in halitta ɗaya ya ɓace daga cikin ƙasa, me zai faru? A gona ko a daji amsar na da wuyar samu, saboda cikin tafin hannu ɗaya na ƙasa akwai dubban nau'o'i a cakuɗe, in ɗaya ya tafi wani na iya maye gurbinsa. Don haka ta nemi wurin da halittun ba su da yawa, inda za a iya ƙirga kowa a ga aikinsa.

A 1989 ta fara zuwa kwarurukan tare da abokin aikinta Ross Virginia, ta kuma ci gaba da komawa sama da sau 25. Sun tarar da nematod nau'i uku ne suka fi yawa, kuma a ƙasa mafi bushewa da gishiri galibi nau'i ɗaya tak ake samu: Scottnema lindsayae, wadda tsawonta bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. A wurin nan ita ce zakin dawa, babu dabbar da ke samanta.

Dabararta ta rayuwa abin mamaki ce. Idan fari ya tsananta sai ta nannaɗe, ta zubar da kusan dukkan ruwan jikinta, ta zama tamkar ƙura har iska na kwasarta. Da danshi ya taɓa ta sai ta farfaɗo ta ci gaba da kiwo.

Amfanin komawa wuri guda shekara bayan shekara ya fito ne a alƙaluma. Tsakanin 1993 da 2005 yawan Scottnema ya ragu da kusan kashi 65 cikin 100 a filayen da ake bibiya, a lokacin da yankin ya ƙara sanyi. Binciken ya nuna raguwar ta shafi yadda sinadarin kabon ke jujjuyawa a cikin ƙasar. Sannan a bazarar 2001 zuwa 2002 aka yi wani zafi da ba a saba gani ba, ƙanƙara ta narke, ƙasa ta jiƙe. Mutum zai zaci ruwa alheri ne ga kowa, amma Scottnema busasshiyar ƙasa ta fi so. A shekarun da suka biyo baya sauran nau'o'in masu son danshi ne suka ƙaru.

Wall ba ta tsaya a Antaktika ba. Ta koma Jami'ar Jihar Colorado a 1993, kuma a 2011 ta jagoranci kafa wata haɗaka ta masana halittun cikin ƙasa daga sassan duniya, wadda ta taimaka wajen fitar da kundin taswirar halittun ƙasa na duniya a 2016. Ƙorafinta shi ne, masu tsara manufofi na maganar kare giwa da damisa da dazuzzuka, amma ba a sa abin da ke ƙarƙashin ƙafa a lissafi, alhali a kansa noma ya dogara.

A 2013 ta samu kyautar Tyler, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan muhalli, a 2018 kuma aka zaɓe ta cikin Majalisar Kimiyya ta Amurka. Ta rasu a watan Maris na 2024 tana da shekara 80. Akwai wani kwari a Antaktika da aka raɗa wa sunanta tun tana raye, Kwarin Wall.