Kiwon sha'awa a Dungu: rago na ɗan birni, wahala ta mai turke

Dungu, cikin ƙasar Matamaye a jihar Damagaram, gari ne mai fadama, inda rake da kayan lambu suke riƙe jama'a da rani. Wannan albarka ce ta sa ƴaƴan garin da aikin gwamnati ko fatauci ya kai Damagaram da Yamai suke son ajiye ƴan dabbobi a gida: balami biyu ko uku, jajayen awaki, wani har da doki. Ba da kiwon suke ci ba, sha'awa ce kawai. Amma sha'awar nan ta sha haɗa wa da ƙane rigima.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai dabbobi ya zo hutu, ya tarar da ragonsa a turke da gajeriyar igiya, rana tana dukansa, kwatarniyar ruwa a bushe. Jakin gida kuma ga gyambo a gadon baya, duk da haka an ɗaura masa amalanken rake. Sai ransa ya ɓaci, ya ba da umurni a kafa rumfa, a hutar da jaki, a kira malamin dabbobi daga Matamaye. Washegari ya hau mota ya koma birni.

Ƙanen da aka bari da aikin yana da tasa hujja. Da bazara harawa takan yi tsada, ɗan abin da ake aiko masa kuwa ba ya kaiwa ƙarshen wata. In jaki ya kwanta mako guda, wa zai kai rake bakin hanya? Matan gida su ma suna da ƙorafi, ko da yake ba a cika tambayarsu ba: dusar dakansu, wadda awakinsu suka dogara da ita, ita ake kwashewa a ba ragon mai albashi. Dattawan da suka ga farin 1984 kuwa, a wurinsu dabba ajiya ce, a sayar da ita tun ba ta rame ba.

Gardama ta fi zafi a kan tsohon jaki. Da masu sayen fata don kai wa ƙasar Sin suka tayar da farashi, gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Ƙungiyar Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a 2024. Ɗan birni yana ganin butulci ne a sayar da dabbar da ta yi wa gida bauta. Na gida yana ganin baki ne mai ci ba ya aiki.

In aka je gaban malamai, hukunci a fili yake. Hadisi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci, kuma gurguwar dabba ko ramammiya ba ta layya. Sai dai alhakin yana kan mai dabba kafin ya hau kan mai tsaronta.

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Fulani suna da habbanaye, inda wanda aka ba aron saniya yake riƙe ƴaƴan da ta haifa. Idan mai turke yana da rabo cikin riba, aka kuma sayi harawa tun da kaka, ba sai an tuna masa da ruwan rago ba. Wanda albashinsa ba zai ɗauki wannan ba, gara ya rage garke tun zumunci bai rame tare da dabbobin ba.