Kuɗin Jama'a Ne: Yadda Ƙungiyoyin Farar Hula Ke Bin Diddigin Gwamnati

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a wasu ƙauyukan jihar Zamfara. Masu haƙar zinare kan kawo duwatsu cikin gida, a daka a niƙa, ƙurar mai ɗauke da dalma ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. An tsabtace wasu ƙauyukan, amma aka bar Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce ba za su fara bai wa yaran garin magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin in yaro ya sha magani ya koma wasa a kanta, an yi ba a yi ba ke nan. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, daga nan sai shiru kamar an shuka dusa.

Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauko batun da sunan shirin Follow The Money. Suka je garin, suka ɗauki hotuna, suka haɗa kai da ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch, suka cika kafofin sada zumunta da kiran a ceci Bagega. A farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka kwashe ƙasar, aka fara yi wa yara magani.

Irin waɗannan ƙungiyoyi na farar hula ba su da 'yan sanda, ba su da gidan yari, ba sa iya tsige kowa daga kujera. Da abubuwa uku suke aiki: bayani, kotu da bakin jama'a.

Bayani ne kan gaba. Kasafin kuɗin ƙasa kundi ne mai ɗaruruwan shafuka, ko ɗan boko sai ya yi da gaske kafin ya gane kansa. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, takan warware shi dalla-dalla, sannan shirinta na Tracka ya bi ayyukan mazaɓu har ƙauye, ya gaya wa mutane cewa an ware kaza don rijiyar burtsatse ko ajujuwa a garinsu. Ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, amma talaka bai gani a ƙasa ba. Ranar da mutanen gari suka san cewa rijiyar burtsatsen da ɗan majalisa ya ce ya gina musu daga aljihunsa tana cikin kasafi, godiya za ta koma tambaya.

Sai kotu. Ƙungiyar SERAP ta kai Najeriya ƙara gaban kotun ECOWAS kan kuɗin ilimin firamare, kuma a 2010 kotun ta yanke cewa ilimi kyauta a matakin farko haƙƙin kowane yaro ne. A 2016 kuma babbar kotun tarayya a Legas ta umarci gwamnati ta bayyana yadda aka yi da kuɗaɗen sata da aka ƙwato tun 1999. Gwamnati kan yi jan ƙafa wajen bin irin wannan hukunci, amma yana nan a rubuce, ana iya ɗauko shi gobe.

Akwai kuma makamin da ƙungiyoyi suka sama wa kowa. Tun 1993 Media Rights Agenda da abokan tafiyarta suke fafutukar dokar 'yancin samun bayanai, sai a watan Mayun 2011 aka sa mata hannu. A ƙarƙashinta, kowane mutum zai iya rubuta wa hukumar gwamnati takarda ya nemi sanin nawa aka ware wa aiki da wanda aka ba kwangilar. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar na da kwana 7 ta amsa, in ta ƙi, kotu na buɗe.

Sai dai a yi hattara, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Akwai ƙungiyoyin jaka, waɗanda ofishinsu bai wuce jakar mai su ba. Ba a ganinsu sai ranar da aka zargi wani babba, su kira taron manema labarai a otal su wanke shi tas. Akwai kuma 'yan damfara da ke shiga gari da riga mai tambari, suna karɓar kuɗin fom da sunan za a kawo tallafi. Ƙungiyar kirki ba ta sayar da fom. Tambayi lambar rajistarta ta hukumar CAC, da inda ofishinta yake, da wanda ke ba ta kuɗi, da aikin da ta taɓa yi. Wadda ke neman gwamnati ta buɗe littafinta bai kamata ta ɓoye nata ba.

Ko ƙungiya ta gari ba za ta iya komai ba in mutanen wurin sun naɗe hannu. Ma'aikacinta na Abuja ko Kano bai san rufin asibitin ƙauyenku na yoyo ba sai kun faɗa. In an kafa allon kwangila, ku ɗauki hotonsa, ku rubuta sunan kamfanin da ranar da aka fara. In aiki ya tsaya, ku sake ɗaukar hoto. Ku haɗa kai da mai unguwa, limamai, ƙungiyoyin matasa da na mata, ku rubuta takarda ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, sannan ku kai wa ƙungiya da gidan rediyo. Kada ku zargi kowa da sata ba hujja, don kada reshe ya juye da mujiya. Ku tsaya a kan tambayoyi uku: nawa aka ware, wa aka ba, ina aikin?