Satar Hauren Giwa: Mai Harbi Daban, Mai Cin Riba Daban

'Yan'uwa, masu sauraron rediyo a cikinmu za su tuna da labarin da ya fito daga arewacin Kamaru a farkon shekarar 2012. Waɗansu mutane a kan dawaki, ɗauke da bindigogin yaƙi, suka shiga gandun dajin Buba Njidda da ke ƙasar Rey Buba, kusa da iyakar Chadi. Daga watan Janairu har cikin Maris suna harbin giwaye, manya da ƙanana. Wani lissafi ya ce an kashe giwa 200, waɗansu kuma suka kai lissafin sama da 600. An fi kyautata zaton daga Sudan maharban suka fito, suka ratso ta Chadi.

Wanda ya ga hotunan ba zai manta ba. Haure ba ƙaho ba ne, haƙori ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa yana binne a cikin ƙashin kai. Saboda haka mai son cire shi duka sai ya sare fuskar giwar da gatari. Ran jama'a ya ɓaci ƙwarai, a Kamaru da ƙasashen waje. Da yawa suka ce duk wanda aka kama a harbe shi nan take, kada a ɓata lokaci da kotu. A watan Maris gwamnati ta tura sojoji, amma kafin nan ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Wannan fushi yana bisa hanya. Giwa takan yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda, don haka garken da aka karkashe cikin mako ɗaya sai ya yi shekaru masu yawa bai farfaɗo ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa daga 2010 zuwa 2012 an kashe giwaye kusan 100,000 a Afirka saboda haure. Ba dabbobi kaɗai ake kashewa ba. A watan Satumba na 2012, a wani wuri da ake kira Heban, arewa da gandun dajin Zakuma a Chadi, maharba suka auka wa masu gadin daji shida suna cikin sallar asuba. Biyar suka mutu nan take, na shidan ba a sake ganinsa ba. Magidanta ne, sun bar mata da 'ya'ya.

Amma akwai wani abu a labarin Buba Njidda da masu fushi daga nesa ba su tsaya a kansa ba. Maharban haure kaɗai suke ɗauka, naman kuwa su bar wa mutanen ƙauyuka, kuma an ba da rahoton cewa waɗansu mazauna wurin sun nuna musu inda garken yake. Me zai sa manomi ya yi haka?

Wanda bai taɓa noma kusa da daji ba ba zai gane ba. Babbar giwa takan ci abinci wajen kilo 150 a rana, abin da ta tattake kuma ya fi abin da ta ci. Garke ɗaya ya kwana a gonar dawa ko masara, da safe babu sauran abin girbi. Manomin ya ci bashin taki tun farkon damina, ya yi alkawarin biya da kaka. Ga kuɗin makaranta, ga iyali, ga mai bashi a bakin ƙofa. In ya kai kuka, sau da yawa sai a rubuta sunansa a takarda, shi ke nan. In kuwa ya taɓa giwar, doka ta hau kansa. A idon irin wannan mutum, giwa dukiyar gwamnati ce da baƙi masu zuwa kallo, shi kuwa asara ce rabonsa. Ranar da baƙo ya zo ya ce zai raba shi da wannan masifa, har ya bar masa nama, ba ya ganin kansa a matsayin mai laifi.

Mu da muke aikin rumbunan tsimi a ƙauyuka mun san wannan hali ko inda babu giwa. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, su ne watannin da mutumin kirki yakan yarda da abin da ba zai yarda da shi da kaka ba. Dillalin haure ya san wannan sarai. Ba ya zuwa da maganar laifi. Yakan fara da rance, ko ya ce wa saurayi ya kai masa buhu a babur zuwa gari na gaba, kada ya buɗe. Tafiya ɗaya ta ba shi abin da ba ya samu a wata uku na acaɓa. Tafiya ta biyu ta fi sauƙi. Kafin ta uku, dillalin ya riƙe asirinsa, fita ta yi wuya.

Sai dai kada mu ɗora kome a kan talauci, domin hakan zalunci ne ga talakawa masu yawa da suke kwana da yunwa ba su saci ko kaza ba. Mutanen da suka zo Buba Njidda da dawaki da harsasai ba yunwa ce ta koro su ba, sana'a suke yi. Haka nan, a 2012 wajen tan 3 na haure ya ɓace daga ɗakin ajiyar hukumar namun daji ta Zambiya, a 2014 kuma fiye da tan 1 ya ɓace daga na Uganda. Wannan haure ne da aka riga aka ƙwace, aka kulle. Mai iya kaiwa gare shi ba manomi ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Warin daddawar kuwa kuɗi ne. Sha'awar haure tsohuwa ce. Littafin Sarakuna na Fari ya ba da labarin kursiyin hauren giwa da Sarki Sulemanu ya yi. A 1989 ƙasashen duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, suka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa, amma kasuwar ba ta mutu ba. A 2014 kilo ɗaya na ɗanyen haure ya kai dala 2,100 a ƙasar Sin. Wanda ya yi harbi, ko ya yi dako, ɗan abin da yake samu a ciki bai taka kara ya karya ba. Ribar tana wajen mai tarawa a birni, da mai cusa kayan cikin kwantena a tashar jiragen ruwa, da wanda aka ba na goro ya kau da ido. Da ƙasar Sin ta sanar za ta rufe kasuwar haure ta cikin gida, farashin ya sauko zuwa wajen dala 730 a farkon 2017, aka kuma rufe kasuwar a ƙarshen wannan shekara. Nijeriya ma sunanta ya fito a wannan harka a matsayin hanyar fitar da kaya, shi ya sa a watan Janairu na 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja.

To, ina amfanin tsananta hukunci? Yana da amfani, musamman a kan manyan dillalai. Dokar Kamaru ta 1994 ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne kawai, a 2024 aka yi sabuwa mai tsanani. Amma masu nazarin laifuffuka sun daɗe da lura cewa abin da ya fi hana mutum aikata laifi shi ne sanin lalle za a kama shi, fiye da girman hukuncin da ke rubuce. Saurayin da ya ga na gaba da shi sun yi sun sha, har sun gina gida, ba ya lissafin kurkuku. Kuma in aka harbe ɗan dako a daji, dillali ya huta: bakin da zai ambaci sunansa ya rufe, gobe ya ɗauki wani yaro.

Zakuma ta nuna wata hanya. A 2002 tana da giwaye sama da 4,000, zuwa 2010 saura wajen 450. A wannan shekara ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun tare da gwamnatin Chadi. Aka horar da masu gadi, aka kuma sa na'urorin rediyo a ƙauyukan kewaye domin mutane su ba da labari da zarar sun ga baƙin mahaya. Mutanen suka ba da haɗin kai, domin 'yan bindigar da suke kashe giwa su ne kuma suke yi musu fashi. Giwaye suka koma haihuwa, zuwa 2021 sun haura 600. A Yankari ta Jihar Bauchi ma, inda ɗaya daga cikin garkunan da suka rage a Nijeriya yake, an ɗauki mutanen ƙauyuka aikin sa ido a kan giwaye da sanar da manoma, kuma bayan 2015 an yi shekaru ba a sami giwar da maharba suka kashe ba.

Fastoci da dattawan ikilisiya, ku ne kuka fi kowa sanin gidan da bashi ya shaƙe, da saurayin da ya dawo da sabon babur ba a san sana'arsa ba. Tambayarsa cikin ƙauna tun da wuri ta fi ziyararsa a gidan yari. Ga ikilisiyoyin da ke gefen daji kuma, akwai dabaru biyu masu arha da manoma suka gwada a gabashi da kudancin Afirka: igiya da aka shafa wa niƙaƙƙen barkono da baƙin mai a kewaye gona, da jera amya a kan waya, domin giwa tana gudun zuma. Ba su hana ɓarna ɗungurungum, amma suna rage ta, amyar kuma ga ruwan zuma na sayarwa. Kwamitin da yake so ya gwada ya fara shiri tun da rani, domin zuma ta sami lokacin shiga amya kafin dawa ta yi kai.