Mayar da Masai Bayan Gyara: Kula da Mahaɗar Ƙasa Don Lafiyar Iyalinka

Idan an cire masai na zama don gyara ko sauya tayil, wurin da ya fi buƙatar kulawa wajen mayar da shi shi ne inda gindinsa ya haɗu da bututun ƙasa. Wannan bututu, wanda yawanci inci 4 ne, sokawe ya nufa kai tsaye. Ruwan da kake gani kwance a cikin masai yana tare iskar sokawe ta sama, robar mahaɗa kuma tana tare ta ta ƙasa. In robar ba ta zauna daidai ba, ƙofa ta buɗe tsakanin sokawe da ɗakinka.

Mece ce illar?

Iskar sokawe, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, tana iya jawo ciwon kai, tashin zuciya da zafin ido. Ruwan da ke tsatsa kuwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin taifot, kwalara da ciwon hanta nau'in A, kuma yaro mai rarrafe ne ya fi saurin kai su baki. Kyankyasai ma ta nan suke shigowa, su bi ta kan abinci, kashinsu kuma ya tayar wa mai asma da ciwo.

A 2003, cutar SARS ta kama mutum fiye da 300 a rukunin gidaje na Amoy Gardens da ke Hong Kong. Bincike ya nuna cewa ruwan da ke tare magudanan banɗakunansu ya bushe, sai iskar bututun ƙazanta ta riƙa dawowa cikin gidaje.

Alamomin da za ka lura da su

- Warin da wanki ba ya korewa
- Laima a gindin masai bayan an kora ruwa
- Masai yana motsi idan an zauna
- Kyankyasai ko ƙananan ƙudaje a gindinsa

Abin da za ka tabbatar mai gyara ya yi

1. Ya toshe bakin bututun da tsumma yayin aiki, ya kuma cire shi kafin ya ɗora masai.
2. Ya kankare tsohon siminti da datti.
3. Ya sa sabuwar roba daidai da girman bututun. Tsohuwa ta riga ta saki.
4. Ya daidaita masai har ya daina motsi, sannan ya ɗaure notuna ba tare da matsawa sosai ba, don kada tangaran ya tsage.
5. Ya kora ruwa sau da yawa, ya shafa busasshiyar takarda a gindin, kafin ya liƙe gefen.

Kada ka yarda a lafta siminti a kan yoyo. Ɓoye shi kawai zai yi, ƙazanta ta ci gaba da taruwa a ƙarƙashi.

Bayan an gama

A sa safar hannu a wanke ƙasa da bilic, taga a buɗe. Kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanke masai, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. A wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20.

Idan wani a gida ya fara gudawa, ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai jini a bayan gida, zazzaɓin da ya wuce kwana 3, idanu sun yi rawaya, ko yaro ya kasa shan ruwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.