Sarbo Da Ƙyallen Iska: Yadda Ake Daidaita Ƙananan Jiragen Ruwa Na Tsere

A shekarar 1898, a birnin Niyok na Amurka, Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan jirgin ruwa wanda yake juyawa daga nesa da saƙon rediyo, ba waya ba igiya. Jirgin Tesla da batir yake tafiya. Waɗanda za mu duba a nan kuwa ba su da injin tuƙi ko kaɗan. Iska ce ke tura su ta hanyar ƙyallayen da aka ɗaura wa doguwar sanda, mai jirgi kuma yana tsaye a bakin tafki da akwatin rediyo a hannu.

Ɗaya daga cikin azuzuwan da suka fi shahara wajen tsere shi ne IOM, wanda aka kafa a 1988. Tsawon jirgin mita 1 ne, nauyinsa ba ya kasa kilo 4. Dokar ajin ta yarda da sarrafa abu biyu kacal: allon da ke juya jirgi a wutsiya, da igiyoyin ƙyallaye. To, ƙyallayen biyu ne, babba a baya da ƙarami a gaba, amma na'ura ɗaya ce ke jan su tare. Nan gizo ke saƙar.

Sunan na'urar sarbo. A cikinta akwai ɗan injin lantarki, da giyoyi masu haƙora, da wani ma'auni irin maɓallin ƙara muryar rediyo, wanda ke sanar da ita inda ta tsaya. Kusan sau 50 a kowace daƙiƙa ake aiko mata da bugun lantarki. In tsawon bugun milisakan 1 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sai ta nufi wannan iyaka, in 2 ne, ta nufi waccan, 1.5 kuma tsakiya ke nan. Kullum tana gwada inda take da inda aka umarce ta, ba ta hutawa sai sun yi daidai. Wata sarbo tana da dogon hannu, wata kuwa kwarkwaro gare ta mai naɗe igiya. Kwarkwaro mai faɗin santimita 3 yana cin kusan santimita 9 da rabi na igiya a kowane zagaye.

Aikin daidaitawa a tudu ake yin sa, kuma iyakoki biyu ake nema. Ta farko ita ce ta lokacin da jirgi ke kutsawa a karkace zuwa inda iska ke fitowa. Akan ja babban ƙyalle har sandarsa ta kwance ta kusa tsakiyar jirgi, a bar na gaba ya ɗan fi shi buɗewa, don iska ta sami hanya a tsakaninsu. In hanyar ta ƙuntata, gaban babban ƙyalle zai riƙa lotsawa, gudu ya ragu. Tun da sarbo ɗaya ce, ba a iya gyara wannan tazara bayan an saki jirgi a ruwa. Sai dai mai shi ya yi ta kallon abokan tsere suna wuce shi. Iyaka ta biyu ba ta da wuya: in iska tana baya, a saki ƙyallaye su buɗe kusan digiri 90.

Kuskuren da ya fi tsada, a ganina, shi ne a umarci sarbo ta ja fiye da tsawon igiya. Ba ta san igiya ta ƙare ba. Za ta ci gaba da ja tana gurnani, tana shan batir tana zafi, har ta ƙone ko haƙoran giya su karye, jirgi ya tsaya a tsakiyar tafki ba mai jin kira. Mai karatu ya tuna kuma cewa in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta a kan ƙyalle ninki huɗu yake yi. Don haka jiragen IOM ke da ƙyallaye kashi uku, manya da matsakaita da ƙanana, ana sauyawa gwargwadon iskar ranar.

Akwatunan rediyo na yanzu suna da ƙwaƙwalwa, ana iya tsayar da kowace iyaka da lamba. Wasu ma sukan ba da damar rage saurin amsawar sarbo kusa da iyakar farko, inda santimita ɗaya ta igiya ke sauya tafiyar jirgi. Duk da haka ƙwararru sukan yi alama da alƙalami a jikin igiya, su duba ta kafin kowane tsere, domin ƙulli yakan zame in ya jiƙe.