Osi Umenyiora: Ɗan Najeriyar da ya yi suna da kayar da ƙarti a ƙwallon Amurka

Duk wanda ya taɓa zama a dandalin kokowa bayan kaka, a Dogondutsi ko ƙauyukan Tibiri, ba zai sha wahalar gane sana'ar Osi Umenyiora ba. Mutum ya duƙa, ya kafa ƙafa, ya ture hannun abokin karawa, ya shige ta ƙarƙashinsa. Sai dai a ƙwallon Amurka ana sa hular kwano, kuma ƙaton da ke gabanka shinge ne kawai. Wanda ake son kayarwa yana bayansa riƙe da ƙwallo, kuma cikin 'yan daƙiƙu zai jefa ta. Aikin ɗan layin tsaro shi ne ya cim masa kafin ya jefa.

An haifi Osi a Landan a 1981, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne. Yana da shekara 7 aka dawo da shi Najeriya, yana da 14 aka tura shi garin Auburn na jihar Alabama a Amurka. A makarantar sakandare ta can ya fara sanin wasan, wato ya makara sosai idan aka kwatanta da yaran da suka tashi a cikinsa. Daga nan ya wuce jami'ar Troy, wadda ba ta cikin manyan makarantun da ake rububin 'yan wasansu. Duk da haka a 2003 ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi, shi ne na 56 a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar NFL.

Daren da ba a mantawa shi ne na 30 ga Satumban 2007. Giants na karawa da Philadelphia Eagles, Osi shi kaɗai ya kayar da mai jefa ƙwallonsu, Donovan McNabb, har sau 6. Ɗan wasan da ya yi irin wannan kayarwa sau 10 a kaka guda ana yi masa kallon gwani, shi kuwa ya ci fiye da rabin haka a wasa ɗaya. A ƙarshen wannan kakar, a Fabrairun 2008, Giants ta haɗu da New England Patriots ta Tom Brady a wasan ƙarshe na Super Bowl. Patriots ta zo da nasara 18 a jere, ba wanda ya doke ta. 'Yan layin tsaron Giants suka hana Brady sakat, aka kayar da shi sau 5, aka tashi 17 da 14.

Bayan 'yan watanni gwiwa ta ci amanarsa a wasan share fage, kakar 2008 gaba ɗaya ta wuce shi yana jinya. Wannan ɓangaren ne masu tallar wasan ba su cika son ambata ba. Mutum mai kilo 110 da ɗoriya yana karo da wanda ya fi shi nauyi sau da dama a kowane wasa, gwiwa da ƙugu da kai ne ke biyan kuɗin. Osi ya dawo, ya sake cin kofin a 2012, a kan Patriots ɗin dai, ya yi kaka biyu a Atlanta Falcons, ya ajiye wasa a 2015 da kayarwa 85.

Tun daga nan ya koma farautar matasa. Shirinsa na The Uprise a Najeriya ne ya gano Roy Mbaeteka, wanda Giants ta ɗauka a 2022 alhali bai taɓa buga wasan a makaranta ba. Shi ne kuma jagoran sansanonin NFL a Accra a 2022, Nairobi a 2023 da Legas a 2024.

Duka waɗannan birane nesa suke da Arewa, kuma Ingilishi ake yi a cikinsu. A ganina nan masu farautar suka yi sake. Jihar Dosso, wadda ta fitar da Salma Ɗan Rani da Issaka Issaka, cike take da samarin da suka iya kafa ƙafa da karya ƙarfin mutum tun suna yara, abin da ake ɓata watanni ana koya wa ɗan ƙwallon kwando a sansani. Abin da za a auna shi ne gudu, don ɗan kokowa ba ya bin kowa a guje.

Nau'in wasan da zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028 kuwa ba a kayar da kowa a cikinsa. Ƙyalle ake fizgewa daga ƙugun mai ƙwallo.