Kacici-Kacicin Haruffa

Dukanmu mun san kacici-kacici. Mutanen Ingila ma suna da irin nasu, amma a jarida ake buga shi, da alƙalami kuma ake amsawa.

Ana zana gidaje a takarda kamar gidajen dara, waɗansu farare, waɗansu baƙaƙe. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ci. Waɗansu kalmomi suna tafiya a kwance, waɗansu a tsaye. Inda suka gitta juna, sai su yi tarayya a harafi ɗaya.

A shekarar 1913 aka fara buga wasan a wata jaridar Amurka. Da ya iso Ingila sai aka ƙara masa wuya, aka mai da tambayoyinsa masu ɓad da sawu. Jaridar Times ta London ta soma buga nata a 1930.

Yawancin tambayoyin kashi biyu ne. Kashi ɗaya yana faɗin ma'anar kalmar, ɗayan yana nuna yadda za a sami haruffanta. Lambar da ke ƙarshe ita ce yawan haruffan. Nasu da Turanci ne, amma bari mu gwada da Hausa.

"Goro ya hargitse, ya zama abincin da ake tonowa (4)." Kalmar "hargitse" tana ce mana mu sāke jera haruffan goro. Amsa: ROGO.

"Ba ku yarda ba, dabba ta ɓuya a ciki (5)." Mu dubi "ba ku yarda", mu cire harafin farko, mu ƙirga biyar. Amsa: AKUYA.

To, mutum ɗaya yakan cije a tambaya guda har ya gaji. Shi ya sa masu wasan sukan nemi juna. Wani ya fi gane hargitsattsun haruffa, wani ya fi sanin sunayen garuruwa. In ɗaya ya sami kalmar tsaye, ya ba ɗan'uwansa harafi a kalmar kwance ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma taimakon yana da ladabi. Wanda ya gane ba ya yin saurin faɗin amsa. Sai ya ce, "Dubi kalmar farko da kyau." Wanda aka faɗa wa amsa, gida ɗaya ya cike. Wanda aka nuna wa hanya kuwa, gobe da kansa zai warware.

Kada mu raina wasan nan. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasarsa. Daga baya gwamnatin Ingila ta nemi waɗansu daga cikin masu gasar, don aikin warware saƙonnin asiri na abokan gaba.

Ga ɗaya mu gwada a aji, mutum bibbiyu: "Gari ya rikice, mai saye yana roƙonsa a kasuwa (4)." Wanda ya riga ganewa ya yi shiru, ya nuna wa maƙwabcinsa hanya.